Tambaya da Amsa: Hasumiya Ta Ce Gabas, Jirgi Ya Nufi Yamma

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki. Masu tuƙa jirgin sama a kwamfuta ne ke kuka da hasumiya, wato mai ba jirage umarni ta rediyo: an zauna an tsara hanyar tashi, an tsara ta sauka, amma da an ɗaga sai mai hasumiya ya kama wata waƙa daban. Na tsamo guda biyar, na rage tsawon wasu saboda fili. Ga wanda bai saba ba, SID ita ce hanyar da aka shata wa jirgi daga titin tashi har ya hau babbar hanyar sama, STAR kuma ita ke sauko da shi daga babbar hanyar zuwa kusa da filin da zai sauka. Wuraren da hanya ke ratsawa, masu sunaye na haruffa uku ko biyar, zango nake ce musu a wannan fili, kamar yadda tsofaffin masu karatu suka sani.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina amfani da Microsoft Flight Simulator na 2020, da wani jirgin Airbus da na ƙara daga baya. Nakan shigar da SID da STAR a kwamfutar jirgin, layi ya fito tsaf a allo. Amma ko minti biyar ba na yi a sama sai hasumiya ta fara cewa na kauce, in juya kaza. In na bi ta, jirgi ya bar layinsa. In na bi layin, ta yi ta mita har ta soke mini izini. Wa zan bi? — Wani ɗalibi

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin mu zo kan wa za ka bi, wace takarda ka miƙa wa hasumiyar? Na san amsar: ba ka miƙa mata komai ba. Abin da ka rubuta a kwamfutar jirgin, kai da ita kaɗai kuka san shi. Mai hasumiya na cikin manhajar ba ya leƙa can. Shi karatunsa yana kan tsarin da aka yi a taswirar duniya, shafin nan da kake zaɓar filin tashi da na sauka kafin ka shiga jirgi. In a can ka danna filaye biyu, ka zaɓi IFR, wato tashi da na'urori ƙarƙashin izinin hasumiya, ka bar manhaja ta zana hanyar da ta ga dama, to wannan hanyar ce a hannunsa, kuma duk kwanar da taka SID ɗin ta sa ka yi, a idonsa ɓata ka yi. Kowannenku yana da gaskiya a kan takardarsa.

Tafiya ɗaya a wurare uku take zaune: wurin mai tsara hanya, cikin kwamfutar jirgi, da wurin hasumiya. Jiragen da suka zo tare da manhajar galibi suna ɗaukar tsarin taswirar kai tsaye, shi ya sa masu tuƙa su ba su cika wannan kukan ba. Manyan jiragen da ake ƙarawa kuwa kowanne da ƙwaƙwalwarsa, kuma ba dole ba ne ya sanar da kowa abin da ke ciki. Wasu suna da zaɓin daidaita tsari da manhajar a cikin saitinsu, ka duba naka.

Ga yadda nake yi. Ina tsara tafiya a SimBrief, shafin intanet mai tsara hanyar jirgi, in sauke fayil ɗin tsarin mai ƙarewa da .pln, in loda shi a taswirar duniya. Daga nan sai in bi jerin zaɓin da ke saman shafin ɗaya bayan ɗaya, na tashi, na isowa, na kusantar titi, in tabbatar sunayen su ne na kan takardata. In na canja wurin da jirgi zai fara tsayawa, sai na sake dubawa, don taswirar takan sake lissafi ba tare da ta yi sallama ba. Bayan haka ne nake shiga jirgi in rubuta hanyar, harafi da harafi. Sai mataki na ƙarshe, wanda mutane ke tsallakewa: ina jiran izinin hasumiya kafin in tabbatar da SID. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a wannan harka akwai abu ɗaya da sai ranar tafiyar ake saninsa, shi ne titin da za a ba ka, domin iska ce ke zaɓarsa.

Titi kuwa shi ke yanke SID. Ɗauki filin Heathrow na Landan. Hanyar da ke fita ta zangon Brookmans Park, BPK a taƙaice, tana da 'yan'uwa huɗu: mai harafin F ta titin 27R ce (lambar alkiblar titi ce, R dama, L hagu), mai G ta 27L, mai J ta 09R, mai K ta 09L. In ka shirya da F, hasumiya ta tura ka 27L, to takardarka ta mutu tun kana ƙasa. Gyaran minti ɗaya ne a shafin tashi na kwamfutar jirgin, in ka lura. Wani abin kuma, filayen gaske suna da tsarinsu da ya wuce iska. A Heathrow, idan ana tashi ana fuskantar yamma, da ƙarfe 3 na rana ake musanya titin tashi da na sauka don mazauna ƙarƙashin hanyar su huta da ƙara. Kada ka sa ran mai hasumiyar manhaja ya san wannan. SimBrief zai iya hasashen titi ɗaya, shi ya ba ka ɗayan.

To wa za ka bi in an riga an ɗaga? Hasumiya. Haka ake yi a jirgin gaske, SID tana aiki ne har zuwa lokacin da mai hasumiya ya ce wani abu daban. A Airbus, abin murɗa alkibla yana da hali biyu: ka jawo shi, akala ta dawo hannunka, ka tura shi, ka mayar wa kwamfuta. Jawo, bi alkiblar da aka ba ka, in an ce ka koma hanyarka sai ka danna DIR TO ka zaɓi zangon da ke gabanka. Sai fa in ka ga yana neman kai ka cikin dutse. Nan kam soke IFR ɗin da kanka, ba wanda zai kai ƙararka.

Tambaya: Malam, na bi duk abin da ake faɗa, na daidaita taswira da jirgi. Amma sau da yawa SimBrief yakan ba ni SID, in je kwamfutar jirgi in tarar sunan ɗaya ne, lambar ce ta bambanta. Wani lokacin ma babu ita gaba ɗaya, ko jirgin ya ce bai san wani zango ba. Jirgin ne ya lalace? — Mai karatu na kullum

Amsa: Jirginka lafiya lau, ɗan'uwa. Kalandarku ce ba ɗaya ba. Bayanan hanyoyin sama a duniya ana sabunta su ne duk kwana 28, kullum ranar Alhamis, bisa tsarin ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, da ake kira AIRAC. Kowane zagaye yana da lamba huɗu, biyun farko shekara, biyun ƙarshe zagaye na nawa. Zagaye na 2401 ya fara aiki ran 25 ga Janairun 2024, na 2501 kuma ran 23 ga Janairun 2025. Sha uku ake yi a shekara, kwana 364 ke nan, sai ɗan rarar ta taru jefi-jefi a sami shekara mai sha huɗu, kamar 2020.

Lambar da ke cikin sunan SID kuwa ba ado ba ce. A BPK 7F, BPK zangon da hanya ta nufa ne, F ta nuna wace ce cikin 'yan'uwan, 7 kuma ita ce shaidar bugu. Duk lokacin da aka yi wa hanyar gyara sai lambar ta matsa gaba, daga 1 zuwa 9, in ta kai 9 ta dawo 1. Haruffan I da O ba a sa su, don kada a ɗauke su a matsayin ɗaya da sifili. Saboda haka in takardarka ta ce 7, jirginka ya ce 6, jirgin yana riƙe da tsohon bugu ne. Wataƙila tsayi ɗaya aka canja, wataƙila an cire zango ɗungurungum.

Buɗe shafin farko na kwamfutar jirgin, wanda ke nuna samfurin jirgi da injinsa, za ka ga kwanakin da bayanansa ke aiki. Dubi lambar zagayen da ke kan takardar SimBrief. In kana da wata manhajar hasumiya daban, irin su Pilot2ATC ko BeyondATC, ita ma bincika daga ina take samun nata. Wanda ke amfani da SimBrief kyauta, tsohon zagaye ake ba shi. Sabon yana zuwa ne da rajistar Navigraph, wadda ke sabunta mai tsara hanya da manhajar da jiragen a lokaci guda.

Ra'ayina, wanda wasu abokan harkar ba sa so: in kai kaɗai kake tashi, ba sai ka bi sabon zagaye kowane wata ba. Tsohon zagaye a wurare ukun ya fi sabo a wuri ɗaya, tsoho a biyu. Na yi shekaru a kan tsofaffin bayanai ban rasa filin sauka ba ko sau ɗaya. Ranar da za ka fara magana da mutane masu rai a intanet, ranar ce sabuntawa ta zama dole, don su da sabuwar taswira suke aiki. Kafin nan, in lamba ta bambanta, zaɓi wadda jirginka yake da ita, ka koma taswirar duniya ka zaɓi irinta, a wuce wurin.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a ƙarshen STAR nakan ga wani layi da aka rubuta DISCONTINUITY. Na ga a bidiyo ana goge shi, ni ma ina gogewa. Wani lokaci lafiya, wani lokaci jirgi ya yi wata irin kwana kamar zai koma inda ya fito. Yaushe ake gogewa? — Sabon shiga

Amsa: Tare da naka ran. Wannan tambayar ta sosa mini inda ke ƙaiƙayi, don ni ma na sha wannan ruwan.

Giɓi ne a hanya. Kwamfuta tana gaya maka ta san hanya har zuwa nan, ta kuma san wata daga can, amma ba a faɗa mata abin da ya haɗa su ba. Giɓin iri biyu ne. Akwai na sakaci, wanda ke fitowa don ka manta zaɓar mahaɗa tsakanin babbar hanya da STAR, ko tsakanin STAR da hanyar kusantar titi. Wannan a Airbus ka nemi TRANS ko VIA a shafin isowa, a Boeing ka nemi TRANS, ka zaɓi wadda ta fara daga zangon da hanyarka ta ƙare, giɓin zai rufe da kansa ko ya zama mai gogewa ba matsala. Akwai kuma wanda da gangan aka bar shi, don a nan ne mutum zai karɓi aiki daga na'ura. Alamarsa, layin da ke samansa an rubuta MANUAL a Airbus, ko VECTORS a Boeing, ko kuma STAR ta ƙare a zangon jira. Wannan ba naka ba ne, wurin mai hasumiya ne.

Mu koma Heathrow. Jiragen da ke shigowa suna taruwa ne a zangon jira huɗu: Bovingdon, Lambourne, Biggin Hill da Ockham. A can suke shawagi hawa-hawa, ƙafa 1,000 tsakanin kowane jirgi da na ƙasansa, na can ƙasa yana wajen ƙafa 7,000. Daga zangon zuwa titi, da baki ake jan jirgi: juya kaza, sauka kaza, rage gudu zuwa kaza.

Wani dare na taso daga Edinbara, na iso ta Bovingdon, titin 27R. Na ga giɓi ya ɓata mini kyan layi, na sa yatsa na goge, na ji daɗi. Abin da ban kalla ba shi ne siffar layin da ya fito. Bovingdon yana arewa da filin ne, mafarin ILS, siginar rediyon da ke jagorantar jirgi zuwa titi, kuma yana can gabas, wajen mil 10 daga bakin titi. Sai jirgi ya miƙe kudu maso gabas, ya iso mafarin yana bukatar kwanar da ta wuce digiri 100 kafin ya fuskanci yamma. Ina! Ya tsallake layin 27R, ya ratsa na 27L, ya dawo yana lilo, ga tsayi bai sauka ba, ga gudu. Fitilun titin na gani ta tagar gefe, a ƙarƙashina, suna wucewa. Da da mutane nake tashi a daren, da na ji kunyar da ba ta goguwa.

Layin ILS ana shigarsa ne a karkace kaɗan, wajen digiri 30, kuma daga ƙarƙashin gangarensa. Gangaren digiri 3 ne, kusan ƙafa 300 a kowane mil, wato a mil 10 kana wajen ƙafa 3,000. Aikin mai hasumiya ke nan a cikin giɓin, ya zagaya da kai har ka zo a wannan kusurwa da wannan tsayi. In hasumiyarka ta yi shiru, kai ne za ka zama shi: jawo abin alkibla, tafi daura da titi kana ba shi baya, wuce mafarin ILS da 'yan miloli, juyo, sannan ka shiga a karkace. Kuma kafin duk wata gogewa, mayar da allon taswira kan PLAN ka bi zangon ɗaya-ɗaya da ido. Layin da ya yi ƙugiya ko ya koma baya, ba a tashi da shi.

Tambaya: Ni tsoho ne a harkar, har yau FSX, tsohon bugun Microsoft Flight Simulator, nake tuƙawa, kwamfutata ba ta ɗaukar sababbin. Hasumiyarsa ba ta taɓa ambaton SID ko STAR ba. Kuma takan bar ni a sama har filin ya matso. Akwai dabara? — Dattijo mai ritaya

Amsa: Baba, barka da ƙoƙari, da shi ni ma na fara. FSX ya fito a 2006, kuma hasumiyarsa ba a gina ta da sanin SID da STAR ba, don haka ba za ku taɓa jin sunansu a bakinta ba. Dabarar da muka yi ta yi ita ce a rubuta zangunan SID da na STAR ɗaya bayan ɗaya a cikin tsarin tafiyar, kamar sauran zanguna. Ba za ta san sunan hanyar ba, amma za ta bar ku ku bi ta. Iyakar tsayi da ta gudu da ke kan taswira kuwa ku ne za ku kiyaye, kuma in an matso filin za ta karɓe akala ta fara juya ku yadda ta saba. In ta ba ku hanyar kusanta, kada ku amsa nan take, a jerin amsoshin akwai wurin neman wata, har da mahaɗarta. Da ita za ku fi kusa da abin da taswira ta ce.

Maganar saukowa, ku riƙa lissafinku, kada ku jira ta. Mil 3 ga kowace ƙafa 1,000. Daga ƙafa 36,000 zuwa 6,000, an sauke 30,000 ke nan, mil 90, a ƙara kamar 10 na rage gudu zuwa not 250 kafin a shiga ƙasa da ƙafa 10,000. In saura mil 100 ba ta ce komai ba, ku nemi ragin tsayi da kanku. Ku tuna kuma jirgi ba ya sauka ƙasa da lambar da ke tagar tsayi, ko da kwamfuta ta san sauran hanyar. Boeing in an rage lambar, VNAV, tsarin kwamfuta mai kula da hawa da sauka, zai fara gangara da kansa in lokaci ya yi. Airbus sai an tura ko an jawo abin murɗawar.

Sai ma'aunin tsayi. FSX ƙa'idar Amurka yake bi ko'ina, ƙafa 18,000 ce iyakar da ake komawa ma'aunin bai-ɗaya, 29.92 ko 1013. A sararin Landan iyakar ƙafa 6,000 ce, daidai inda hanyoyin tashi na Heathrow ke tsayar da hawan farko. In tana cewa kun yi sama ko ƙasa da ƙafa ɗari uku alhali allonku ya nuna daidai, ku danna harafin B don ya daidaita ma'aunin.

Tambaya: Malam, na gaji da hasumiyar na'ura, ina son shiga VATSIM, amma ina tsoron a ba ni SID da ban shirya ba in rikice a gaban mutane. — Wata 'yar'uwa

Amsa: 'Yar'uwa, tsoron nan kowa ya yi shi. VATSIM, dandalin intanet da mutane masu rai ke aikin hasumiya, tun 2001 yake, takwaransa IVAO ma ya girme shi, kuma masu hasumiyarsu 'yan sa-kai ne da suka saba da baƙi. Za a canja miki SID, wannan ki sa a ranki, musamman a Turai inda mai ba da izini ne ke faɗin wadda za ki bi. Amma kina ƙasa za a faɗa, injin ma bai tashi ba. Ki ajiye biro da takarda, ki rubuta sunan SID, titi, tsayin farko da lambar nan huɗu ta tiransifonda, ki maimaita masa, sannan ki gyara kwamfuta a natse. Ba mai korar ki daga wurin tsayawa.

Ki fara da ƙaramin fili mara cunkoso, da jirgin da kika san maɓallansa ido rufe, ki rubuta a wurin ƙarin bayani na tsarin tafiya cewa ke sabuwa ce. Kwana biyu kafin nan ki shiga ki ajiye jirgi a gefe ki saurara kawai. In an ba ki hanyar da babu ita a jirginki, kalma ɗaya ce, "unable", ki nemi a ja ki da alkibla. Abin da ke ɓata musu rai shi ne a amsa a kuma yi wani abu daban. A Amurka in kika ji "climb via SID" ko "descend via", ana nufin ki kiyaye duk iyakokin tsayi da gudu da ke kan taswirar ba sai an sake faɗa miki ba, don haka taswirar ta kasance a buɗe a gabanki. Inda kuma babu mai hasumiya a kan aiki, ki koma mitar rediyo 122.800 ki riƙa sanar da sauran matuƙa inda kike da abin da za ki yi, sai dai in yankin ya ware wata mitar ga filin.